Tonia a Hannun Masu Titsiye: Lacca a Kan Wani Fim na Ƙasar Polan da Gwanintar Krystyna Janda

 

  

La'alla a cikinku akwai wanda, tun da ya ji abin da za a tattauna yau, yake tambayar zuciyarsa ko mene ne ya haɗa mutumin ƙasar Yawuri, wanda sha'aninsa noma ne da su da fatauci, da wani fim da aka shirya a ƙasar Polan, can tsakiyar Turai, cikin harshen da da wuya a sami mai iya ko gaisuwa da shi a wannan zaure. Tambayar tana kan hanya. Sai dai mu tuna cewa kallon abin da ba mu jin harshensa ba baƙon abu ba ne a gare mu, domin iyayenmu da yayyenmu sun shafe shekaru masu yawa suna cika gidajen silima na Kano da Sakkwato da Zariya suna kallon fina-finan Indiya, suna kuka inda ake kuka, suna dariya inda ake dariya, tun kafin a sami masu juya su zuwa Hausa, alhali kuwa ba su san kalma goma ta Indiyanci ba. Abin da ya isar musu da saƙon shi ne fuskar ɗan wasa da muryarsa da motsin jikinsa, kuma a kan waɗannan ne mafi yawan maganata za ta tsaya. Bugu da ƙari, mas'alar da fim ɗin ya ɗauko tsohuwa ce a zaurukan malamanmu, wato mas'alar tilas: me tilas take halatta wa mutum ya furta, me kuma ba ta halatta masa ko da wuƙa tana kan maƙogwaronsa.

Sunan fim ɗin Przesłuchanie, wato titsiye irin wanda jami'an tsaro ke yi wa wanda suka tsare. Wanda ya rubuta labarin kuma ya ba da umarni shi ne Ryszard Bugajski, wanda aka haifa a 1943, ya mutu a 2019, tauraruwarsa kuwa Krystyna Janda. Amma kafin mu shiga cikin kurkukun tare da ita, wajibi ne mu san ƙasar da ta gina kurkukun.

Yaƙin da dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, wanda ya kwashi samarin Arewa zuwa dazuzzukan Bama, a Polan ya faro, ranar 1 ga Satumba 1939, sa'ad da rundunar Jamus ta afka mata daga yamma. Ba a yi kwana ashirin ba kuma sojojin Tarayyar Sobiyet suka shigo daga gabas, aka raba ƙasar biyu. Kafin a kwance ɗamara a 1945, Polan ta rasa mutum kimanin miliyan shida, rabinsu Yahudawa. Da Jamus ta faɗi, sojojin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ne ke tsaye a ƙasar, saboda haka gwamnatin da aka kafa a Warso ta gurguzu ce, mai karɓar umarni daga Masko, kuma ta kwaikwayi uwargijiyarta a komai, har da kafa ma'aikatar tsaron cikin gida wadda aikinta shi ne neman maƙiya, idan ba ta samu ba kuma ta ƙirƙira su. A waɗannan shekaru, musamman daga 1948 zuwa 1953, an ɗaure jaruman da suka yaƙi Jamus a ɓoye, an kashe wasunsu bayan shari'ar je-ka-na-yi-ka, an tsare babban limamin Katolika na ƙasar, Stefan Wyszyński, daga 1953 zuwa 1956, kai har Władysław Gomułka, wanda ya taɓa zama shugaban jam'iyyar gurguzun kanta, sai da aka kama shi a 1951. Irin wannan mulki yana da wata ɗabi'a mai ban mamaki: yana da ikon ya kashe mutum ba tare da ya tambayi kowa ba, amma duk da haka yana matuƙar ƙishirwar takarda mai ɗauke da sa hannu, wadda za ta nuna wa duniya, ko ta nuna wa shi kansa, cewa bisa hujja aka yi kisan. Wannan ƙishirwar ita ce ta cinye matar da za mu yi maganarta.

Labarin ya fara a 1951. Antonina Dziwisz, wadda ake kira Tonia, mawaƙiya ce a wani rukunin 'yan wasa masu yawo suna nishaɗantar da sojoji da ma'aikata. Mace ce mai fara'a da surutu da son a kalle ta, ba ruwanta da siyasa, ba ta san ma wa ke sama wa ke ƙasa a jam'iyya ba. Wani dare ta yi faɗa da mijinta saboda kishi, ta fita cikin fushi, wasu mutum biyu da ba ta sani ba suka ja ta da hira da barasa har hankalinta ya gushe, ta farka ta gan ta a ɗakin kurkuku cikin mata. Abin da ta fara zato shi ne kuskure aka yi, gobe za a ba ta haƙuri a sallame ta. Da aka kai ta gaban mai tambaya aka ce ta ba da tarihin rayuwarta, sai ta saki baki kamar mai hira da ƙawa, ta faɗi na faɗa da wanda ba na faɗa ba, har da mazan da ta taɓa hulɗa da su, tana ganin wanda bai aikata laifi ba ba shi da abin ɓoyewa. Bahaushe ya ce baki shi ke yanka wuya. Sannu a hankali ta fahimci ba ita ake nema ba. Akwai wani hafsan soja mai suna Olcha, wanda ta taɓa sani, da ake so a tabbatar masa da cin amanar ƙasa, kuma abin da ya rage a cika fayil ɗinsa shi ne shaidarta. Aka ajiye mata takarda da alƙalami. Ta ce abin da aka rubuta ƙarya ne, ba za ta sa hannu ba.

Sauran fim ɗin, wanda tsawonsa ya kusa sa'a biyu, bayanin abin da wannan ƙin ya jawo mata ne. Mutum biyu ke karɓa-karɓa a kanta: Manjo Zawada, wanda ake yi wa laƙabi da mai wanka saboda azabar ruwa da ya ƙware a kai, da Laftanar Morawski, matashi mai sanyin murya, wanda shi kansa ya tsira ne daga sansanin azabar Jamusawa na Auschwitz. An hana ta barci, an doke ta, an tozarta ta, an shirya kisan ƙarya a gabanta domin a karya zuciyarta, an kuma jefa ta wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa aka sakar mata ruwa yana hawa. A nan ina jin mutanen wannan yanki za su fahimci abin da ke fuskarta fiye da mai kallo na Faris ko Landan, domin dattawan da suka ga cikar tafkin Kainji a 1968, lokacin da aka tashi mutum fiye da 40,000 daga tsibirai da gaɓar Kwara, sun san cewa tsoron ruwa mai hawa a hankali daban yake da tsoron ambaliyar dare ɗaya: yana ba ka lokaci ka auna shi, ka sa alama, ka dawo ka tarar ya wuce alamar, kuma ka san cewa wani ne can nesa yake riƙe da makunninsa. Mafi ɗaci daga cikin abin da aka yi mata kuwa bai taɓa fatarta ba. An ɗauki maganganun da ta saki a ranakun farko aka nuna wa mijinta, sa'an nan aka kawo shi ziyara, ya dube ta ya ce ya yanke alaƙa da ita. Bayan wannan ne ta nemi halaka kanta, ta ciji jijiyar hannunta da haƙora, aka kai ta asibitin kurkuku aka ceto ta, saboda gawa ba ta sa hannu a takarda.

To, yanzu bari mu zo ga wasan Krystyna Janda, wanda shi ne ginshiƙin wannan lacca.

An haife ta a watan Disamba 1952, wato tana jaririya ne a zamanin da labarin ke faruwa, kuma shekarunta 28 sa'ad da aka ɗauki fim ɗin a 1981. Mutanen ƙasarta sun riga sun san ta daga fim ɗin Andrzej Wajda na 1977 mai suna Mutumin Marmara, inda ta fito a ɗaliba mai rawar kai da naci, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. Wannan zafin jini nata shi Bugajski ya ɗauko ya kulle a ɗaki mai bango huɗu, kuma hikimar zaɓen ke nan, domin wanda Allah ya halitta shiru-shiru idan aka kulle shi ba ka ganin abin da aka rage masa, amma mai yawan motsi kowane taku da aka hana shi sai ka ji shi a jikinka.

Ku lura da Tonia ta farkon fim. Janda ba ta nemi ta sa mu ƙaunace ta ba. Dariyarta ta yi yawa, muryarta ta yi sama, kwalliyarta ta wuce kima, tana rangwaɗa ko da a gaban jami'in da ke riƙe da ranta, saboda iyakar abin da rayuwa ta koya mata shi ne namiji ana shawo kansa da murmushi. Da irin 'yan wasan da ke tsoron kada masoyansu su ga aibinsu ne, da tun daga fitowar farko ta sanya wa fuskarta alamar waliyyai, ta sanar da mu cewa ga jaruma nan tafe. Ita kuwa ta bar mu mu raina matar tukuna, har mai kallo ya ce a ransa wannan ai mari ɗaya ya ishe ta ta sa hannu a kan uwarta ma. Masu titsiyen ma haka suka ɗauka. Kuskurensu da namu iri ɗaya ne, kuma da gangan aka jefa mu cikinsa.

Daga nan sai sauyi ya fara, kuma ba za ka iya nuna wani minti guda ka ce a nan ne ta zama wata ba. Raha da shaƙiyancin da suke kayan sana'arta a dandali su ne suka rikiɗe suka zama makaminta; tana mayar wa manjo da baƙar magana, tana yi masa isgili a lokacin da ya fi bukatar ta yi kuka, domin ta gano, ba da karatu ba sai da ilhami, cewa mai azabtarwa yana rayuwa ne a kan tsoron wanda yake azabtarwa, ranar da aka yi masa dariya kuwa rabin ƙarfinsa ya tafi. Sa'an nan rahar ita ma ta fara ƙarewa. Muryar da ta cika allo a farko ta dushe, ta koma ƙasa-ƙasa. Kafaɗun da ke rawa suka sunkuya. Idanun da ke yawo suna neman wanda zai yaba suka koyi tsayawa a kan fuskar mai tambaya ba ƙiftawa. Na'urar ɗaukar hoto tana matsowa kusa da fuskarta ƙwarai, fuskar da babu hoda babu jan baki, har kana ganin rawar leɓe da tsayuwar numfashi, kuma a irin wannan kusanci ƙarya ba ta ɓuya: ɗan wasan da ke kwaikwayon tsoro daga waje nan take ake gane shi. Wajen ƙarshen fim, matar da a dā ba ta iya rufe baki ta zama mai tsadar magana, kuma shirunta ya fi duk ihun da ta yi a baya nauyi. A ganina wannan shi ne ƙololuwar fasahar Janda, cewa ta iya auna ƙarfinta ta raba shi a tsawon shekarun labarin, ba ta ƙone shi duka a fage guda ba, ta yadda idan ka ɗauki hotonta na minti goma na farko ka ajiye kusa da na minti goma na ƙarshe za ka rantse mata biyu ne, alhali idan ka bi fim ɗin a jere ba za ka ga inda aka yi ɗinki ba.

Ba ita kaɗai ta yi ƙoƙari ba. Janusz Gajos, wanda ya fito a Manjo Zawada, mutanen Polan sun taso suna ƙaunarsa tun yana saurayi a wani shahararren wasan talabijin na sojojin tankar yaƙi, sai ga shi an ba shi rigar azzalumi, ya kuma sa ta ba tare da zare ido ko kumfar baki ba. Ma'aikaci ne kawai mai son ya kammala fayil ya tafi gida, kuma wannan ya fi ban tsoro. Akwai kuma wata fursuna mai suna Witkowska, wadda Agnieszka Holland ta fito a matsayinta, ita da daga baya ta zama babbar mai ba da umarni a duniya. Witkowska 'yar gurguzu ce ta haƙiƙa, mai karatu, wadda jam'iyyarta ta ɗaure ta, amma ta'assubanci ya kai ta ga yarda cewa tun da jam'iyya ba ta kuskure, to lalle ita ce mai laifi ko da ba ta san ta aikata ba. Ku dubi wannan haɗi da kyau. Mai ilimi da aƙida ta miƙa wuya, ta ma samo wa zaluncin da ake yi mata hujja. Mawaƙiyar da ba ta da aƙidar komai ita ce ta tsaya, kuma iyakar dalilinta shi ne abin da aka rubuta bai faru ba.

A nan ne nake so malamanmu su ba ni aron kunnensu. Sanannen abu ne a tarihin mazhabarmu cewa an yi wa Imamu Malik bulala a Madina, a zamanin halifa Abu Ja'afar Mansur, har kafaɗarsa ta goce, saboda fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa, fatawar da mahukunta suka ji tsoron mutane za su yi ƙiyasi da ita su ce mubaya'ar tilas ma ba ta ɗaure kowa. Haka kuma mun san rangwamen da aka yi wa Ammar ɗan Yasir, Allah ya yarda da shi, lokacin da azabar mushirikan Makka ta sa harshensa ya furta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Shari'a ta san rauni na ɗan Adam, ta kuma yi masa uzuri. Amma malaman fiƙihu sun ja iyaka a wuri guda: tilas ba ta halatta maka ka kashe wani domin ka tsira, saboda ranka bai fi nasa daraja ba. Shaidar zur kuwa, wadda ke cikin manyan kaba'irai, idan ta kasance ita ce igiyar da za a rataye mutum da ita, ta kusanci wannan iyaka matuƙa. Tonia ba Musulma ba ce, ba kuma mai riƙo da nata addinin ba ce yadda za a yi misali da ita. Amma ku duba inda ta ja nata layin. Abin da ya shafi kanta, asirinta da abin kunyarta, duk ta zubar da shi tun ba a matsa mata ba. Abin da ya shafi jinin wani kuwa ta riƙe shi shekara da shekaru. Ba ta da tabbacin cewa ƙin nata zai ceci Olcha, domin masu iya ƙirƙirar laifi ba za su rasa wani mai shaidar ba. Abin da ke hannunta kawai shi ne kada a yi da alƙalaminta. Wannan, a fahimtata, hujja ce cewa ƙyamar shaidar zur tana cikin fiɗirar da Allah ya halicci mutum a kanta, kuma wani lokaci takan fi tsira a zuciyar da ba a cika ta da tawili ba.

Fim ɗin yana da rauninsa, kuma ba zan rufe shi ba. A kashi na ƙarshe an nuna zuciyar Morawski ta karkata ga Tonia, har aka sami ciki, ta haifi 'ya mace a kurkuku, aka ƙwace jaririyar aka kai gidan marayu. Bayan mutuwar Stalin a ranar 5 ga Maris 1953, da al'amura suka fara juyawa, shi Morawski ya harbe kansa, ita kuma daga bisani aka sake ta ta tafi neman 'yarta. Na fahimci abin da marubucin ke nufi, yana so ya nuna cewa sabatin wadda ake zalunta ya rusa mai zaluncin daga ciki. Sai dai ban gamsu da a kira abin da ke tsakanin mai riƙe da mabuɗi da wadda ke kulle soyayya ba, domin yardar fursuna ga mai tsaronta ita ma reshe ce ta mas'alar tilas ɗin nan, kuma fim ɗin da ya yi tsanani haka wajen tona ƙarya bai kamata ya yi sassauci a wannan gaɓa ba. Abin da ya ceci wannan kashi shi ne Janda ba ta taɓa sakin fuskarta ta zama ta amarya ba.

Tarihin fim ɗin kansa ya kusa zama wani fim. An sami damar ɗaukarsa ne a 'yar tazarar sassaucin da ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność, ƙarƙashin Lech Wałęsa, ta tilasta wa gwamnati bayan yajin aikin ma'aikatan ƙera jiragen ruwa na Gdańsk a 1980, kuma rukunin masu shirya fim da Wajda ke shugabanta shi ya ɗauki nauyinsa. Ana gama ɗauka, ranar 13 ga Disamba 1981, Janar Wojciech Jaruzelski ya kafa dokar soja. A 1982 kwamitin tacewa ya zauna ya yi tir da fim ɗin, aka kulle shi. Ba a daɗe ba aka rusa rukunin Wajda, shi kuma Bugajski, da ya ga an toshe masa hanyar aiki, ya yi ƙaura zuwa Kanada a 1985. Amma kwafi ya riga ya fita a kaset ɗin bidiyo, mutane suka riƙa kwafa daga kwafi, suna taruwa a gidaje a asirce suna kallon hoton da ya dusashe saboda yawan juyawa. Sai da mulkin gurguzu ya faɗi a 1989 aka nuna shi a fili, a watan Disamba na shekarar, sa'an nan a 1990 aka kai shi bikin fina-finai na Cannes a Faransa, inda aka ba Krystyna Janda lambar gwarzuwar 'yar wasa, kusan shekara tara bayan ta yi aikin. Wani abin lura, a wannan shekara ta 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin fina-finan Hausa na bidiyo. Kaset ɗin da ya yi fasa-ƙwaurin Tonia a Warso, irinsa ne ya haifi sana'ar fim a ƙasar Hausa.

Wannan ya kawo ni gida. A daidai shekarun da labarin Tonia ke gudana, akwai wata mace a nan Arewa da ke shiga kurkuku tana fita. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, ta shiga jam'iyyar NEPU tana matashiya, jim kaɗan bayan kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta riƙa shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayanin 'yancinsu, aka gurfanar da ita gaban alƙali, aka ɗaure ta, aka kore ta daga Kano, aka doke ta ba sau ɗaya ba. Masu rubuta tarihinta sun ƙirga mata ɗauri 16. Ƙuri'ar da ta nema wa matan Arewa ba a ba su ba sai 1976. Ba ina daidaita gidan yarin En'e da kurkukun Stalin ba ne, tsakaninsu akwai nisa a girma da manufa. Kuma matan biyu sun bambanta, domin Gambo tana da jam'iyya da aƙida da jagora irin Malam Aminu Kano, ta san abin da ya kai ta, Tonia kuwa ba ta da kowa a waje. Abin da nake nufi shi ne muna da labarin da ya isa a yi masa fim mai nauyin wannan, kuma ranar da masu fim ɗinmu za su tunkare shi da gaske, abin da za su fi bukata ba kuɗi ba ne, domin yawancin Przesłuchanie a 'yan ɗakuna ƙalilan aka yi shi, da tebur da kujera da fitila. Za su bukaci 'yar wasan da za ta yarda a gan ta ba kwalliya, ta yarda a fara raina ta, da mai ba da umarnin da zai iya barin fuska ta yi magana ba tare da ya danne ta da kiɗan tausayi ba. Galibin abin da muke gani yanzu, mace tana cikin ɗakin tsaro amma gazal ɗinta bai goge ba, kuka kuwa tun fage na farko an kai shi maƙura, babu sauran abin da za a ƙara a na ashirin.

Kuma kada mu ɗauka batun titsiye tarihi ne na wata ƙasa. Nijeriya ta kafa dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2015, wadda ta tanadi a ɗauki iƙirarin wanda ake tuhuma a rubuce, a kuma iya naɗarsa a bidiyo, lauyansa ko wani shaida yana wurin; ta kafa dokar haramta azabtarwa a 2017; a 2019 kuma aka sauya wa gidajen yari suna suka koma gidajen gyaran hali. Majalisa ba ta yin doka a kan cutar da babu ita. Har yau mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, kuma da yawa daga cikin mutanenmu na karkara, waɗanda ba su iya karanta Turancin da aka rubuta jawabinsu da shi ba, suna dangwala yatsa a ƙarƙashin abin da ba a karanta musu ba. Ɗaliban da ke nan masu burin zama 'yan sanda ko lauyoyi ko alƙalai, Manjo Zawada ya kamata ku fi zuba wa ido, ku ga yadda mutum mai iyali da albashi yake zama abin da ya zama ba tare da ya taɓa jin ya sauka daga hanya ba.

Ga mai son ya nemi fim ɗin, ana samunsa da fassarar Turanci a rubuce a ƙasan allo. Ina jan hankali cewa ba na yara ba ne, ba kuma na kallon tsakar gida ba ne: akwai shan barasa, akwai tsiraici a wuraren da ake tozarta fursunoni, akwai azaba da ke tayar da hankali, saboda haka malamin da zai nuna wa ɗalibai ya fara kallo shi kaɗai ya zaɓi abin da ya dace. Masu ƙungiyar wasan kwaikwayo na makarantunmu kuwa, shawarata ita ce ku ɗauki fage biyu na titsiye, ɗaya daga farko ɗaya daga wajen ƙarshe, ku rufe fassarar, ku kalla, sa'an nan kowa ya rubuta abin da ya gane daga zaman matar a kujera da inda take ajiye hannuwanta, kafin ku buɗe fassarar ku gwada.

Ya shugaban wannan zama, na ga lokacin la'asar ya matso, kuma an yi mini alkawarin akwai masu tambaya, musamman daga ɓangaren malamai a kan mas'alar tilas, wadda na san sun fi ni zurfi a cikinta. Nan zan dakata.